Takarkarin Da Ke Cikin Garkuwar Paparoma Benedict

Ran Litinin 11 ga watan Fabrairu na 2013, Paparoma Benedict na 16 ya tara kadinalolinsa a fadar Batikan don wata hidima da aka saba yi. Da aka gama abin da ya tara su, maimakon ya sallame su sai ya zaro wata 'yar takarda, ya karanta da harshen Latin, murya ƙasa-ƙasa. Ya ce tsufa ya cim masa, ƙarfinsa ya kasa, saboda haka zai sauka daga gado ran 28 ga wata da ƙarfe takwas na dare. Shekarunsa 85 a lokacin. Rabon da a ga Paparoma ya bar gado da ransa kuwa tun 1415, watau kusan shekara 600 ke nan.

Labari ya game duniya, kowa ya riƙe baki. Amma da mutane sun kula da tambarin da ke bisa takardun wannan dattijo, da mamakinsu bai kai haka ba. A kusurwar garkuwarsa akwai wata dabba ɗaure da kaya a gadon baya, tana tafe ba don ranta ya so ba. Tun 1977 ya sa aka zana ta, kuma bai taɓa ɓoye cewa kansa yake nufi ba.

Kafin a kai ga wannan dabba, ya kamata mai karatu ya san yadda ake karanta irin wannan tambari, gama karatu ne mai ƙa'ida. Asalinsa daga fagen fama ya fito. A ƙarni na 12, in barden Turai ya yi shirin yaƙi, sulke da kwalkwali sukan rufe shi ruf, har ba a rarrabe aboki da abokin gāba sai ta zanen da ke kan garkuwa. Daga garkuwa zanen ya koma kan tuta, daga tuta ya koma kan hatimi, ɗa yana gāda daga uba. Bishop-bishop na wancan zamani kuwa masu ƙasa ne, suna da gonaki da talakawa da majalisun shari'a, ba su rabuwa da buga hatimi, don haka su ma suka bi yayi. Sai dai dokar coci ta hana malami ɗaukar makami, saboda haka kwalkwali bai dace da shi ba. Aka ɗora masa malafa a bisa garkuwar, irin mai faɗin baki da matafiya ke sawa don rana da ruwan sama, da igiya tana reto dama da hagu, da tuntaye a bakin igiyar.

Wanda ya saba da zaman fada ba zai sha wuyar gane abin da ya biyo baya ba. Daga naɗin rawani akan san ɗan sarauta da malami da attajiri tun kafin a buɗe baki, rawani mai kunne biyu kuma ba na kowa ba ne. To, haka malafar nan take. Limamin coci, wanda mabiya ke kira Fada, malafarsa baƙa ce, da tuntu ɗaya tak a kowane gefe. Ta bishop koriya ce, tuntaye shida-shida, da gicciye tsaye a bayan garkuwar. Ta babban bishop ita ma koriya, amma tuntaye goma-goma, gicciyensa kuma mai sanda biyu a gicce. Ta kadinal ja ce wur, tuntaye goma sha biyar-biyar. Bisa wannan ƙa'ida, a tambarin bishop na Sakkwato ko na Kano shida-shida za a ƙirga, a na Kaduna da Jos da Abuja kuwa goma-goma. Tun 1245 ake jingina jar malafa ga kadinaloli, launin kuma tuni ne cewa mai ita ya yarda a zub da jininsa saboda addininsa. A da, in kadinal ya rasu akan rataye malafarsa a rufin majami'a bisa kabarinsa, a bar ta nan har ta ruɓe ta zama ƙura. Cikin 1969 Paparoma Paul na 6 ya daina ba da malafar, ta saura a zane kaɗai.

Duk wannan na waje ne, kuma na hukuma ne, mai shi ba shi da ta cewa. Cikin garkuwa shi ne nasa. Nan aka bar wa mutum fili, wanda bai wuce tafin hannu ba, ya faɗi inda ya fito da abin da ya dogara a kai, ba tare da ya rubuta harafi ko ɗaya ba. Yawancin limamai har su mutu ba su sa a zana musu, domin babu abin da ya tilasta su. Ranar da aka naɗa mutum bishop ce tilas ta kama shi ya zauna ya yi wa kansa tambayar.

Joseph Ratzinger, wanda daga baya ya zama Benedict, ɗan wani ɗan sanda ne daga jihar Bafariya ta ƙasar Jamus, an haife shi cikin 1927. Ran 29 ga Yuni na 1951 aka naɗa shi limami a garin Freising, rana ɗaya da wansa Georg. Shekara 26 ya yi a matakin limami, kuma bai nuna ƙosawa ba. Allo da littafi su ne duniyarsa. Ya koyar da ilmin tauhidin Kirista a jami'o'in Bonn da Münster da Tübingen, daga 1969 kuma ya zauna a Regensburg, ya gina ɗan gida a ƙauyen Pentling kusa da garin, yana zaton nan zai ƙare kwanansa. Sai cikin Maris na 1977 saƙo ya zo daga Rum, an zaɓe shi babban bishop na Munik da Freising. Aka naɗa shi ran 28 ga Mayu, ran 27 ga Yuni kuma aka yi masa kadinal. Cikin wata uku limami ya zama mai tuntu talatin.

Abu uku suka shiga garkuwarsa. Ɗaya gādonsa ya yi, biyu shi ya zaɓa. Da ya zama Paparoma cikin 2005 aka sake jera su, amma bai ƙara ba, bai rage ba.

A tsakiya, bisa jar shimfiɗa, akwai wani faffaɗan ɓawo na halittar teku, mai siffar mafici, launin zinariya. Masu ziyarar ibada zuwa Santiyago ta ƙasar Sifen sukan ɗinka irinsa a hula, alamar cewa su baƙi ne masu wucewa. Amma abin da ya fi jan hankalin Ratzinger wata hikaya ce game da Agustin, babban malamin Kirista da aka haifa cikin 354 a ƙasar da ake kira Aljeriya yau, ya yi bishop a garin da ya zama Annaba, ya rasu cikin 430. A kansa Ratzinger ya rubuta kundin digirinsa na dokta cikin 1953. Hikayar ta ce wata rana Agustin yana yawo a bakin teku, yana ta fama da tunanin zatin Ubangiji, sai ya ga wani yaro ya haƙa ɗan rami a rairayi, yana ɗibar ruwa da ɓawo yana zubawa. Ya tambaye shi, yaro ya ce teku yake so ya juye cikin ramin. Malam ya yi dariya. Yaro kuwa ya nuna masa cewa aikin nasa ya fi sauƙi bisa ga wanda malam ya ɗaukar wa ƙwaƙwalwarsa. Shehin malami da ya kafa wannan ɓawo a tsakiyar garkuwarsa, kansa yake ja wa kunne.

Sai dai jan kunne a zane daban, tuna shi ranar da ake bukata daban. Ran 12 ga Satumba na 2006, yana Paparoma, ya koma tsohuwar jami'arsa ta Regensburg don ya gabatar da lacca a kan imani da hankali. Ɗakin karatu ya ɗebe shi, ya manta cewa muryarsa ta daina zama ta malamin jami'a. Ya jawo maganar wani sarkin Rumawa na ƙarni na 14, magana mai zafi a kan Musulunci da Annabi Muhammadu (S.A.W.), ya karanta ta, bai tsaya ya barranta da ita sosai ba. Zukatan Musulmi suka ɓaci daga gabas har yamma. Bayan kwana biyar ya fito ya ce ya yi baƙin cikin abin da ya biyo baya, kuma kalmomin ba ra'ayinsa ba ne. Da yawa suka ce haƙurin bai cika ba, gama fushin mutane ya yi wa juyayi, ba furucin ba, kuma suna da hujja. Ran 30 ga Nuwamba na shekarar ya shiga Masallacin Sultan Ahmad a Santambul, ya tuɓe takalmi, ya tsaya shiru kusa da muftin birnin suna fuskantar alƙibla. Cikin Oktoba na 2007 malamai da shugabannin Musulmi 138, har da Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, suka aika wa shugabannin Kirista wasiƙar neman fahimtar juna, aka buɗe ƙofar tattaunawa. Rauni ya warke, tabo ya saura. Abin lura shi ne, irin ɓawon nan yana cikin tambarin wani tsohon gidan sufaye a Regensburg ɗin, wannan ma yana cikin dalilan da suka sa ya zaɓe shi. A garin ɓawon ne malam ya tsoma hannu cikin tekun da bai auna zurfinsa ba.

A kusurwar sama, hagun mai kallo, akwai abin da ɗan Afirka ba zai gani ya wuce ba: kan baƙin mutum, da jan kambi, da jar ƙwala a wuya. Wannan shi ne na gādo. Tun wajen 1300 yake cikin hatimin bishop-bishop na Freising, waɗanda a da sarakuna ne masu 'yar ƙasarsu, kuma al'ada ce wanda ya hau kujerar ya ɗauke shi. Masana tarihi sun rabu a kan ko wane ne. Waɗansu sun ce bafaden Habasha ne da littafin Kirista ya ba da labarin shigarsa addinin. Waɗansu sun ce Moris ne, wani sojan Rum ɗan Masar da ake girmamawa a Jamus. Waɗansu sun ce ɗaya ne daga masanan gabas da suka kai wa Annabi Isa gaisuwa yana jariri. Akwai ma masu cewa kambin kawai ake nufi, don a nuna bishop ɗin ba ya ƙarƙashin wani sarki. Shi Ratzinger bai yi ƙarya ba. A littafin tarihin rayuwarsa na 1997 ya amsa cewa asalin ma'anar ta ɓace masa, amma shi ya ɗauke shi alamar cewa coci ta kowa ce, ba ta duba launi ko dangi.

Fassarar tana da daɗin ji, kuma ba a ce ba da zuciya ɗaya ya yi ta ba. Amma ba ta rufe magana. Sunan da Turawa ke kiran wannan kai da shi, shi ne suke kiran mutanen Magrib da Andalus, kuma a waɗansu tambarin Turai, kamar na tsibiran Kosika da Sardiniya, irin kawunan nan an daɗe ana zana su da ƙyalle a ido, ana danganta su da yaƙe-yaƙen da aka yi da Musulmi. Na Freising dai kambi gare shi, idonsa a buɗe, wannan bambanci ne na gaske. Duk da haka kai ne ba gangar jiki, ba suna, shekara 700 yana kallon gefe guda bai ce uffan ba, wasu suna faɗin abin da yake nufi. In ana so a auna fassarar, a aikace za a auna ta. Benedict ya ziyarci Kamaru da Angola cikin 2009, da Jamhuriyar Benin cikin 2011. Cikin Fabrairu na 2012 ya naɗa kadinaloli 22, babu ɗan Afirka ko ɗaya, aka yi ta gunaguni. Cikin Nuwamba na shekarar ya naɗa shida, babu ɗan Turai ko ɗaya, cikinsu har da John Onaiyekan na Abuja. Wannan ne naɗinsa na ƙarshe.

Bisa garkuwar kuma ya yi abin da ya tayar da hankalin masana tambari. Ɗaruruwan shekaru kambi mai hawa uku ne ke kan tambarin kowane Paparoma, da mabuɗai biyu a gicce, na zinariya da na azurfa. Paul na 6 ya ajiye kambinsa na gaske cikin Nuwamba na 1964, ya ba da shi sadaka saboda matalauta, ba wanda ya sake sa shi, amma a zane yana nan. Benedict ya bar mabuɗan, ya cire kambin, ya sa doguwar hular bishop mai ratsi uku na zinariya. Francis cikin 2013 da Leo na 14 cikin 2025 duk sun bi sawunsa. A tutar Batikan dai har yanzu kambin yana nan, domin hukuma ba ta saurin sakin kayan adonta kamar yadda mutum ɗaya zai yi.

Saura dabbar da ke kusurwar dama. Turawa na kiranta beyar. A dazuzzukan ƙasashen sanyi take, ta fi kura girma nesa ba kusa ba, ga farata ga ƙarfi, ba ta da ubangida. Labarinta na Korbiniyan ne, wanda ya kafa aikin bishop a Freising a ƙarni na 8, ya rasu wajen 730. An ce yana kan hanyar Rum, yana ƙetare duwatsu, sai beyar ta faɗo ta kashe dokin da ke ɗauke masa kaya. Ya tsawata mata, ya ɗora mata akumari, ya ɗaure kayan, ta ɗauka har ƙofar birnin Rum. Da suka isa ya sauke, ya sallame ta, ta koma dajinta. Malaman coci sukan fassara labarin da cewa addini ne ya hore jahilci. Ratzinger bai tsaya nan ba. Ya haɗa shi da wani bayani na Agustin, wanda shi ma zaman karatu ya so aka kama shi aka ɗora masa jama'a, har ya riƙa kwatanta kansa da dabbar kaya a gaban Ubangijinsa. A garkuwar Ratzinger, bishop ba shi ne Korbiniyan mai tsawa ba. Shi ne takarkarin.

Kuma hanya ɗaya suka bi. Cikin Nuwamba na 1981 Paparoma John Paul na 2 ya kira shi Rum ya riƙe ofishin tsare aƙida, ya tashi da kayansa cikin 1982. Ya yi zaton 'yan shekaru ne. Ya nemi a sallame shi ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, har da ya kai shekara 70 ya so a mai da shi ɗakin littattafan Batikan ya ƙarasa kwanansa cikin takardu. Aka hana. A ƙarshen littafinsa na 1997 ya koma kan labarin, ya lura cewa ita beyar an sake ta da isarta Rum, shi kuwa yana ta yawo da kayansa a titunan birnin bai san ranar sakinsa ba. Shekara takwas bayan haka, yana da 78, aka ɗora masa kayan da ya fi duka. Cikin Satumba na 2006, a dandalin Munik, ya sake ba jama'arsa labarin yana murmushi, ya ce a tasa tafiyar Ubangidan bai ga damar sakinsa ba.

Kada dai tausayi ya rufe ido. Beyar ko da kaya a bayanta faratanta suna nan. Shekara 23 da ya yi a ofishin aƙida, malamai da yawa sun ɗanɗana kaifinsu. Leonardo Boff na Brazil, mai wa'azin 'yantar da talakawa, an rufe masa baki cikin 1985, kuma ba shi kaɗai ba. Abokan hamayya suka laƙaba wa Ratzinger sunan karen gadi. Akwai kuma kayan da ya fi kowanne wari, watau lalata da yara da waɗansu limamai suka yi, da rufa-rufar manya. Gaskiya ne a zamaninsa an tuɓe ɗaruruwan limamai, ya kuma zauna da waɗanda aka cuta ya saurare su. Amma cikin Janairu na 2022 wani rahoton lauyoyi a Munik ya ɗora masa laifin sakaci a kan al'amura huɗu na lokacin da yake babban bishop a can. Ya rubuta wasiƙa yana neman gafara saboda abin da ya faru a ƙarƙashinsa, mashawartansa kuma suka musa cewa ya san abin da ake ciki. Mai kwatanta kansa da takarkari ya faɗi gaskiya game da nauyin da ke kansa, amma takarkari ba a tambayarsa abin da ke cikin mangala. Shugaba kuwa ana tambayarsa.

Cikin 2012 aka kama hadimin ɗakinsa yana kwasar takardun sirri daga teburinsa yana miƙa wa ɗan jarida. Ƙafafunsa sun yi rauni, har sai an tura shi a kan wani ɗan dandamali mai taya in zai ratsa babbar majami'a. Ya ga yadda magabacinsa ya kwashe shekarun ƙarshe cikin ciwo, harshe ya yi nauyi, na kusa suna gudanar da al'amura da sunansa. Wannan karon babu wani mahaluki a samansa da zai kai wa takardar neman sallama, sai ya kwance igiyar da hannunsa. Waɗansu suka yaba, suka ce ya raba kujera da mai zamanta. Waɗansu suka ce uba ba ya ritaya, kuma zaman mutum biyu masu farar riga a gida ɗaya zai jawo ruɗu. Ruɗun kuwa an ɗan gan shi, gama masu adawa da Francis sun riƙa fakewa da sunan tsohon.

Daji dai bai koma ba. Wani ƙaramin gidan sufaye a cikin lambun Batikan ya shiga, ya zauna da littattafansa da fiyanonsa kusan shekara goma. Sau ɗaya tak ya sake ganin Bafariya. Cikin Yuni na 2020, yana da shekara 93, aka ɗauke shi a keken marasa lafiya zuwa Regensburg don ya yi bankwana da wansa Georg, wanda ke kwance. Ya ziyarci kabarin iyayensu da na 'yar'uwarsu, aka biya da shi ta gidan nan na Pentling, ya kwana huɗu, aka mai da shi Rum. Georg ya rasu ran 1 ga Yuli. Shi kuma ya bi shi ran 31 ga Disamba na 2022, yana da shekara 95, aka binne shi ran 5 ga Janairu a ƙarƙashin majami'ar Bitrus, cikin kabarin da aka fara sa John Paul na 2, mutumin da ya ƙi sallamarsa.